Mujiya Ba Ta Da Laifi

Shekara 21 ke nan ina aikin jinya, 12 daga ciki a nan Jidda, kuma yawanci aikin dare. Na rufe idon mamata har na daina ƙirgawa. Amma akwai gawar da har yau in na tuna raina ke ɓaci, kuma ba ta mutum ba ce. Wata 'yar mujiya ce da na tsinta a saman bene a unguwar Sa'alaba, a gindin tankin ruwa, fiffike ɗaya a karye. A ƙasan benen kuma, cikin ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe, yaro ɗan shekara 2 ya kwana bai san wanda ke kansa ba. Duk mutanen gidan bakinsu ɗaya: tsuntsuwar nan ce ta taɓa shi. Ranar na ce musu ƙarya ne. Yau ma, da hankalina a kwance, ina sake faɗa. Ƙarya ne, kuma ƙaryar nan tana cin 'ya'yanmu.

Wanda ya san kudancin Jidda kafin rusau na 2022 ya san Sa'alaba. Tana cikin jerin unguwannin nan namu, su Hindawiyya da Sabil da Karantina, ba nisa da tashar jiragen ruwa. Lunguna ne da mota ba ta shiga, gidaje sun jingina da juna, kina tafe kina jin ƙamshin daddawa da Hausa na tashi ta kowace taga, kamar kina Fagge. Nan gwaggona take zaune a lokacin, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo aikin hajji tun ban yi wayo ba, ta yi zamanta. Wata safiya cikin watan Oktoba, ina shirin miƙa aiki ga masu safe, sai ga wayarta.

"Ke 'yar nan, in kin tashi ki biyo ta nan. Yaron maƙwabta ne, tsuntsu ya taɓa shi."

Na ce, "Gwaggo, wane irin tsuntsu kuma?"

Ta ce, "Tsuntsun dare mana. Ke dai ki zo, ki bar tambaya."

Ga labarin da na tarar. Yaron ya kwana biyu da zazzaɓi, yana amai, ya ƙi nono ya ƙi abinci. Wajen ƙarfe 1 na dare sai ya fara jijjiga, ido ya kafe, haƙora suka datse. Aka yi ihu, gida ya tashi. Wani saurayi ya hau sama don ya kira maƙwabta ta kan katanga, sai ya ga mujiya a zaune kan igiyar shanya, kusa da ƙwan fitila, tana kallonsa. Shi ke nan, an gano mai laifi. Samari suka hau da takalma da sanda suka kaɗo ta. Mata suka zuba gishiri a garwashi. Aka turara yaro da habbatus sauda da wasu saiwoyi, aka cusa masa cokali a baki har leɓensa ya fashe, aka matsa masa albasa a hanci. Kafin asuba an ɗauko wani mai magani, ya yi tofi, ya ce Ummus Sibyan ce ta zo a siffar tsuntsu, ya karɓi riyal 200 ya yi gaba.

Da na taɓa yaron, jikinsa kamar wuta. Na sa hannu ƙarƙashin kansa in ɗago shi, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, duk jikin ya taso kamar katako. Wadda ta koyi aikin jinya a Arewa ba ta bukatar a gaya mata sunan wannan. Na ce wa uwar ta ɗauko mayafinta. Sai ta riƙe mini hannu tana kuka: "Yaya, don girman Allah, ba ni da igama. In muka je kama ni za a yi." Na ce, "Ƙanwata, in ba mu je ba shi za a ɗauka, kuma inda za a kai shi ba a dawowa." Na saɓa shi a kafaɗa muka fita titi neman mota. A asibiti aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa, sakamako ya fito: sanƙarau. Ya yi mako 2 ana ɗura masa magani ta jijiya. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma kunnuwansa sun tafi. Har yau ba ya ji.

Daga ƙarfe 1 na dare zuwa 8 na safe awa 7 ke nan, ban da kwana biyun da aka yi ana kallon zazzaɓi. A kan wannan ciwo awa 7 ba wasa ba ce. Sanƙarau na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tsira daga irin wanda ƙwayar bakteriya ke kawowa, 1 kan fita da tabo na dindindin, kamar kurumta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Ba zan rantse cewa da an kawo shi da wuri da kunnuwansa sun tsira ba, wannan sanin Allah ne. Abin da zan rantse a kai shi ne, awa 7 ɗin nan a kan tsuntsu aka ƙarar da su. An bar jaki ana dukan taiki.

Da yamma na koma gidan ɗauko wa uwar kaya, sai na hau saman in ga wannan dodo da idona. Bari in gaya muku wadda aka kashe, tunda ba wanda ya tsaya ya dube ta.

Tsawonta daga kai zuwa wutsiya bai fi taƙi ɗaya ba, wajen santimita 20. Na ɗora ta a tafin hannu, nauyinta bai wuce na ƙwan kaza biyu ba. Tantabara ta ninka ta. Gashinta toka-toka ne da ratsin ƙasa-ƙasa da baƙi, sak ɓawon itace. Da rana irinta kan lafe a jikin bishiya, ta miƙe jiki ta runtse ido, ki wuce ta gabanta ki ɗauka karyayyen reshe ne. A kanta akwai tukkaye biyu, su ne samarin suka ce ƙahonnin aljani ne. Gashi ne kawai. Kunnuwanta na gaskiya ramuka ne a gefen kai, a ɓoye. Idanunta rawaya ne, manya, suna gaba kamar na mutum, kuma a kafe suke, ba sa juyawa cikin gurbinsu. Shi ya sa in za ta dubi gefe sai ta juya kai gaba ɗaya. Mu ƙasusuwan wuyanmu 7 ne, nata 14, don haka takan juya kai har kashi uku cikin huɗu na da'ira. Juyin kan nan da ke tayar mana da tsigar jiki lalura ce kawai: mai idon da ba ya motsi dole wuyansa ya yi masa aiki. Tashinta kuma ba ya ƙara, saboda bakin gashin fiffikenta kamar haƙoran mataji yake, yana tsaga iska a hankali. An yi mata haka ne don kada fara ta ji zuwanta.

Don fara ce abincinta. Fara, gyare, buzuzu, malam-buɗe-littafin dare, gizo-gizo, jefi-jefi 'yar tsaka ko ɗan ɓera. Abin da cikinta bai narkar ba, ɓawon ƙwaro da ƙashi, sai ta dunƙule ta amayar. Ba ta shan jini, ba ta bin mushe. Abin da ke tsakaninta da ɗan Adam tsoro ne, kuma ita ce mai jin sa.

Na ɗauki hotonta na bi littattafan tsuntsaye har na gano ta. Masana na kiran irinta Otus scops. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, ashe baƙuwa ce. Tana haihuwa a kudancin Turai da Turkiyya har zuwa tsakiyar Asiya. Ba ta saƙa sheƙa, kogon bishiya take nema ko ramin tsohon bango, ta yi ƙwai 3 zuwa 6, macen ta kwanta a kansu wajen kwana 25, namijin yana kawo mata abinci. In sanyi ya gabato ƙwari suka ɓace, wajen Satumba da Oktoba, sai ta kamo hanya. Da dare take tafiya, ta ratsa hamada da teku, ta sauka a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara. Wajen Maris da Afrilu ta juya gida. Wasu ta ƙasar Larabawa suke bi su tsallake Bahar Maliya. Wadda aka kashe a Sa'alaba matafiyiya ce da ta yada zango ta huta, ta ɗan sa wani abu a ciki kafin ta faɗa kan teku. Wataƙila Sudan ta nufa, ƙasar da kakanninmu suka ratso da ƙafa zuwa Sawakin don su tsallako nan. Su gabas suka yi, ita yamma.

Kukanta ma ba abin tsoro ba ne. A can ƙasar haihuwarta, lokacin neman aure, namiji kan yi fito guda ɗaya mai laushi, ya maimaita duk bayan sakan 2 ko 3, ya kwana yana yi. A kan hanya kuwa da wuya ta buɗe baki. Na tambayi saurayin da ya fara ganinta ko ta yi kuka. Ya ce, "A'a Anti, kallona kawai ta yi." To kun ji. Ko kukan da ake cewa shi ne shelar mutuwa ba ta yi ba. Laifinta duka ta kalli mutum.

Tana da 'yan uwa. A gida muna da guda, Otus senegalensis, mazauniya ce, ita ce ke yin "kurr" a kan darbejiya cikin dare, kin sha jin ta kin ɗauka kwaɗo ne. A duwatsun kudu maso yammacin ƙasar nan, wajen Abha da Baha, har Yaman da Oman, akwai wata, Otus pamelae, wadda masana suka fara bayyanawa a 1937, aka daɗe ana ɗaukarta reshen ta Afirka. Masu sha'awar tsuntsaye kan biya kuɗin jirgi su hau dutse cikin sanyin dare don kawai su gan ta. Mu da 'yar uwarta ta kawo kanta har gida, takalmi muka tarbe ta da shi.

Yanzu ga tambayar da kullum ake jefo mini: to me ya sa ake yawan ganin mujiya a gidan da ake jinya? Ba na cewa iyayenmu ƙarya suke yi in sun ce sun gani. Sun gani. Lissafin ne suka juya. Gidan da ke da mara lafiya shi ne gidan da fitila ke kwana a kunne. Fitila ke tara ƙwari, ƙwari ke jawo mujiya. Kuma a gidan nan ne kaɗai ake ido biyu ƙarfe 2 na dare. Tana sauka a kan sauran gidaje ma, masu su na munshari, ba wanda ya gan ta, da safe kowa ya tashi lafiya, ba wanda ya ba da labari. Ƙari kan haka, duk wadda ta yi renon yaro ta san zazzaɓi da dare ya fi tashi, lokacin da ita kuma take fita neman abincinta. Ciwon ne ya kira tsuntsu. In da tsayawa kusa da mara lafiya da tsakar dare ke kashe shi, wallahi da ni za a fara jifa da takalmi, don ba wanda ya kai ni tsayawa a kan marasa lafiya ƙarfe 3 na dare da ido a buɗe.

Na yi aiki a ɗakin yara a hawa na sama, tagogi a rufe, na'urar sanyi na aiki, ko sauro ba ya shiga, kuma yara na jijjiga a gabana. A Turai da Amurka ma, cikin yara 100 masu wata 6 zuwa shekara 5, 2 zuwa 5 kan yi jijjigar zazzaɓi aƙalla sau ɗaya. Sannan ku tuna 1996. Ina 'yar sakandare a Kano sanƙarau ya faɗa wa Arewa, ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, har Saudiyya ta hana 'yan Nijeriya zuwa hajjin shekarar. Mujiya nawa ce ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya? Me ya karya lagon wannan nau'in ciwon daga baya? Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Nijeriya ta biyo baya a 2011. Har yau ma sai an yi wa maniyyaci allurar sanƙarau kafin ya taho. A duk wannan yaƙi ba a kashe mujiya ko ɗaya ba.

Wasu kuma sai su sa wa abin rigar addini. Ni ba malama ba ce, amma na yi Islamiyya. Wannan camfi na Larabawan jahiliyya ne. Su ne ke cewa in mujiya ta sauka a kan gida mutuwa ta zo yi wa shela, su ne ke cewa wani tsuntsu da suke kira hama na fita daga kan wanda aka kashe, yana kuka sai an ɗaukar masa fansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya kore wannan, tare da camfi da tashin tsuntsaye da camfin watan Safar. Yau shekara sama da 1,400. Ga mu a zaune ƙasa da kilomita 100 daga Ka'aba, muna raya abin da aka binne. Kuma duk mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Wa ya gaya mana haƙƙin mujiya ya faɗi? Ba faɗa nake da addu'a ba. Ni ma ina tofa wa marasa lafiyata in iyayensu na so. A yi tofi, amma a yi shi cikin mota a hanyar asibiti.

Na san abin da wata ke faɗa a ranta yanzu: "Ke kina da takarda, kina da albashi, bakinki ne ke kaɗawa." Gaskiya ne, kuma ban raina wannan magana ba. Tsoron jawazat gaskiya ne. Tsoron tarhil, a tusa ƙeyar mace gida a bar 'ya'yanta a nan, gaskiya ne. Kuɗin asibiti ga wadda ke sayar da goro a bakin masallaci gaskiya ne. Tsoron nan ya yi zurfin da har a 2020, da Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da marasa takarda, na san waɗanda suka ƙi fitowa. Amma nan ne fa babban ƙorafina yake. Mujiya ta zame mana wurin ɓuya. Da zarar an ce "tsuntsu ne", an yanke hukuncin cewa ba ciwon asibiti ba ne, kowa ya huta da tunanin mota da kuɗi da takarda. Uwar yaron nan da bakinta ta gaya mini cewa tun ranar farko ranta ya ba ta a je mustausaf, aka ce ta bari a gani. Da mujiya ta bayyana, duk gidan aka sami abin da za a yi wanda ba ya bukatar a fita ƙofa.

Abin da aka kira da sunansa shi ake nema wa magani. In muka ce tsoro ne da talauci, sai mu zauna mu yi shawara: wa ke da mota a lungun nan, wa ke da takarda da zai raka, wace ma'aikaciyar jinya za a kira ko ƙarfe nawa ne. Muna da adashin biki, muna da adashin gwal, muna fitar da anko sau uku a shekara. Nawa ne cikinmu ke da adashin rashin lafiya? Riyal 200 da mai maganin nan ya soke a aljihu sun isa a ga likita a ƙaramin asibiti tun ranar da zazzaɓin ya fara.

Akwai masu cin abinci da wannan tsoro, kuma sai na faɗe su. Na farko mai maganin da ya ga yaro wuya a sanƙare, ya karɓi kuɗi, bai ce a kai shi asibiti ba. Wannan ba jahilci ba ne kaɗai, cin amana ne. Shi ne kuma gobe zai sayar wa wani idon mujiya a cikin laya, wai don gani cikin duhu. Da rai annoba ce, a mace haja ce. Na biyu masu tura sauti a WhatsApp, "wata baiwar Allah a unguwa kaza mujiya ta yi mata kuka sau uku", ba suna, ba rana, sai "a yaɗa saboda Allah". Na uku masu shirya fim da ba su da hanyar nuna mayya ta iso sai sun sa kukan mujiya. Na huɗu mu 'yan boko. Na sa kaina a ciki. Shekara da shekaru ina jin gwaggo na irin maganar nan, ina dariya, ina cewa tsofaffi ne a ƙyale su. Ban taɓa zama na yi mata bayani ba, don kada a ce na yi digiri na raina manya. Kunyar da na ji ta yi tsada, kuma ba ni na biya ba.

Wani abin takaici, tsuntsun da muke kora ma'aikacinmu ne. Babbar farar mujiyar nan da ke kwana a rumbuna da tsofaffin gine-gine a gida, iyali ɗaya nata kan cinye dubban ɓeraye a shekara. Manoman kwakwar manja a Maleshiya da manoman Kwarin Jodan akwatuna suke kafa mata a gona don ta zauna. Mu da ɓera ke cinye mana hatsi, yake kuma kawo mana zazzaɓin Lassa, gwafa muke ɗauko mata.

Sannan ku dubi karin maganarmu. In an tsani mutum ba dalili, cewa muke an mayar da shi mujiya, saboda in ƙananan tsuntsaye suka gano ta da rana taruwa suke a kanta suna tsattsaga. Mu da muke zaune a ƙasar mutane, wa zai koya mana ma'anar wannan? Mun san yadda ake kallon baƙon da ya fi sakewa da dare saboda rana ba tasa ba ce. Mun san yadda in abu ya ɓace ko ciwo ya ɓulla, ba a bincike, sai a nuna lungun Takari. Mun sha kuka da wannan. Sai ga baƙuwa mara nauyin ƙwai biyu ta sauka a rufinmu, mun yi mata abin da ake yi mana.

To ga abin da nake roƙo, kuma ba shi da wuya. In yaro ya fara jijjiga, kwantar da shi a ƙasa ta gefensa, sassauta masa kaya, kawar da abin da zai buge shi. Kada a sa komai a bakinsa: ba cokali, ba yatsa, ba ruwa, ba rubutu. Ba zai haɗiye harshensa ba, amma abin da aka ɗura masa na iya wucewa huhu. Kada a yi hayaƙi, iska yake nema. Ki dubi agogo. Yawancin jijjigar zazzaɓi kan tsaya kafin minti 5. In ta wuce haka a kira 997, motar is'af ta Hilal Ahmar. Ko ta tsaya, a kai shi likita ya gan shi a ranar. In kuwa wuya ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura, ko yana barcin da ba ya farkawa, ko ya ƙi nono, ko ga ɗigo-ɗigo kamar na jini da ba sa ɓacewa in an danna, kada a jira gari ya waye. Da yake fatarmu baƙa ce, a duba tafin hannu da na ƙafa da cikin fatar ido, nan ɗigon ya fi fitowa. Ita kuma mujiyar, in ganinta ya dame ki, kashe fitilar waje. In ba ƙwari za ta ƙara gaba.

Sa'alaba dai yanzu babu ita yadda muka san ta. Rusau ya watsa mu, gwaggo ta koma wata unguwa, maƙwabtanta ma haka. Kwanakin baya na haɗu da uwar yaron a gidan suna. Ya girma, ya isa shiga makaranta, idonsa a kan leɓen duk mai magana. Wata baƙuwa ta tambaye ta abin da ya same shi, sai na ji ta ce, "Tun daren da tsuntsun nan ya sauka." Da can da shiru zan yi. Ranar na ce, "Ƙanwata, sanƙarau ne. Ke da kanki kika ga takardar. Ki riƙa faɗar sunansa, ko wata ta ji ta tsirar da nata." Ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta harare ni, daga baya a hanya ta ce, "Kin yi mata tsauri, amma kin faɗi gaskiya."

Oktoba na tafe. Za su sake ratsowa ta saman Jidda cikin dare, ƙanana, a gajiye, su nufi teku. In ɗaya ta sauka a kan igiyar shanyarki, bar ta ta huta. Ki sauka ƙasa ki taɓa goshin ɗanki.